TAFI-DA-GIDANKA DA SHARAƊIN KWANA DA WUTA

 

A Amurka da Kanada da ƙasashen Turai akwai wani irin gida da ake kira tafi-da-gidanka. Ɗaki ne dogo bisa tayoyi, ba shi da inji, sai a ɗaura shi a bayan mota ta ja shi duk inda mai shi ya nufa. A cikinsa akwai gadaje da murhu da firji da makewayi, duka a fili wanda sau da yawa bai fi babban zaure ba. Asalinsa don yawon hutu aka yi shi, mutum ya kwashi iyalinsa su tafi bakin teku ko gindin dutse su yi mako guda su komo. Amma cikin shekarun nan al'amarin ya sake. Da annobar korona ta sauka cikin 2020, mutane suka guji jirage da masaukai, suka dinga sayen waɗannan gidaje, har cikin 2021 masana'antun Amurka suka fitar da 600,240, in an haɗa da irin masu inji a jikinsu. Ba su taɓa fitar da kamar haka a shekara guda ba. Mafi yawansu a jihar Indiyana ake ƙera su, a garin Elkhart da kewayensa. Ciniki ya ja baya daga bisani, amma waɗanda aka saya suna nan bisa hanya, suna tsufa.

Banda masu hutu kuma akwai waɗanda larura ta kai su ciki. Bayan guguwar Katrina cikin 2005, gwamnatin Amurka ta zaunar da iyali fiye da 100,000 a irin waɗannan gidaje. Bayan gobarar daji da ta cinye garin Paradise a jihar Kalifoniya cikin 2018, inda mutum 85 suka halaka, gidaje kusan 14,000 suka ƙone, da yawa sun ja tafi-da-gidanka sun kafa a kan tokar gidajensu. Wasu kuwa tsadar haya ce ta kore su daga gidajen gini. Watau ɗakin da aka yi don kwana bakwai na bazara ya zama mazaunin shekaru, har da lokacin da ƙanƙara ke zuba. Shi ya sa maganar gobara da gas a cikinsa ta zama abin dubawa.

Dalilin damuwa kuwa a fili yake. Na farko, don kada gidan ya yi wa mota nauyi, da siraran katako da soso da roba da alminiyam ake yin sa, ga labule ga katifu, kayan da wuta ke lashewa cikin 'yan mintoci. Na biyu, ɗakin ƙarami ne, kuma a toshe yake don maganin sanyi, saboda haka hayaƙin da zai baje a tsakar gida nan take yake cika shi. Na uku, gida ne mai tafiya, kowane rami da gargada a hanya yana girgiza mahaɗan bututu da wayoyin lantarki, abin da aka ɗaure tam bara sai ya yi sako-sako bana. Na huɗu, wanda ya fi duka, tukwanen gas na tafe da shi kullum.

Gas ɗin da ake sa musu a Amurka sunansa furofen, ɗan'uwan wanda ake girki da shi a biranen ƙasar Hausa. A cikin tukunya ruwa ne saboda matsi, amma da ya sami kafa sai ya zama iska, ya kumbura wajen ninki 270. Watau cikin kwalba ɗaya na ruwan ya isa ya cika kwalba 270 da iska mai kama wuta. Kuma ya fi iskar da ake shaƙa nauyi, don haka ba ya tashi sama ya fice ta taga. Ƙasa yake bi kamar ruwa, ya kwanta ƙarƙashin gado da cikin akwatuna. In ya wuce kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, to, ƙyasta ashana ko tartsatsin makunnin fitila ya isa.

To, a nan ne mas'ala take ga mai ilmi. Ya tabbata cikin ingantaccen hadisi cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina. Da labari ya kai ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya nuna wa sahabbai cewa wuta abokiyar gaba ce, ya umurce su da kashe ta in za su kwanta. A wata ruwaya an ambaci dalili, cewa ɓera kan ja lagwanin fitila ya ƙone mutanen gida. Ga shi kuwa mai kwana a tafi-da-gidanka yakan kwana da wuta har uku a raye: ta murhun ɗumama ɗaki, da ta tukunyar zafafa ruwa, da ta firji, domin da yawa daga cikin firjinsu da ɗan harshen wuta suke sanyaya abinci. Imam Nawawi, cikin sharhinsa ga Sahihu Muslim, ya yi bayani cewa fitilun da ake ratayewa a masallatai da makamantansu, in ana tsoron gobara daga gare su sun shiga cikin umurnin, in kuwa an amince da su, to, babu laifi a bar su, domin illar hukuncin ita ce tsoron ƙonewa. Ashe ke nan sharaɗin kwana da wuta shi ne aminci. Duk dabarun da za a ambata nan gaba ƙoƙari ne na cika wannan sharaɗi, ko da yake maƙeransu ba su san da mas'alar ba.

Wata ƙungiyar yaƙi da gobara da aka kafa a Amurka cikin 1896, wadda ake kira NFPA, ita ke rubuta ƙa'idodin, kuma ƙa'idar waɗannan gidaje lambarta 1192. Ƙungiyar maƙeran kuma tana aika masu duba masana'antu ba tare da sanarwa ba, ana manna hatiminta kusa da ƙofar gidan da aka yi bisa ƙa'ida.

Dabara ta farko ita ce raba tukunya da ɗakin kwana. A waje ake kafa ta, bisa ƙarfen da ke haɗa gidan da mota, a tsaye, a ɗaure. A Turai akan sa ta cikin akwati wanda ba shi da kafa zuwa ɗaki, a huda masa rami a gindi, don in gas ya zubo ya faɗi ƙasa iska ta kwashe shi. Wanda ya cusa tsumma a ramin nan don maganin ƙura ko ɓera ya rushe hikimar duka.

Ta biyu ita ce hana cika tukunya har baki. Ruwan gas yana kumbura da zafi fiye da ruwan sha nesa ba kusa ba, saboda haka kashi 80 cikin 100 ake cikawa, a bar masa wurin numfashi. Mai son ganin abin da wuce ƙima ke haifarwa ya dubi abin da ya faru ran 11 ga Yuli 1978 a Sifaniya. Wata tankar mota ɗauke da wani gas mai kama da wannan, an yi mata lodi fiye da ƙima, kuma ba ta da bawul ɗin rage matsi, ta fashe dab da wani zangon masu hutu da ake kira Los Alfaques a bakin teku. Mutum fiye da 200 suka halaka cikin tantuna da tafi-da-gidanka, tukwanen girkinsu kuma suka dinga fashewa suna ƙara wa wutar ƙarfi. A Amurka, tun daga 1998 kowace sabuwar ƙaramar tukunya ana sa mata wani ɗan abu a ciki mai yawo bisa ruwan gas. In ruwan ya kai kashi 80 sai ya taso ya toshe hanya, ko mai sayarwa ya so ƙarawa ba ta karɓa. Daga Afrilu 2002 ƙa'ida ta hana cika wadda ba ta da shi. Alamarta kuwa mamurɗin kanta mai kusurwa uku ne. Akwai kuma bawul da ke buɗewa ya rage matsi in rana ta gasa tukunya, kuma ba ya aiki daidai sai tana tsaye.

Ta uku tana bakin tiyo. An yi shi ta yadda gas ba ya fitowa sai an murɗa shi ya zauna sosai. In tiyo ya tsinke a hanya gas ya yi gudu fiye da ƙima, akwai ɗan ƙwallo a ciki da ke tunkuɗuwa ya rage masa hanya. In kuma zafin gobara ya iso wurin, wani ɓangare na narkewa, bawul ya koma ya rufe da kansa.

Ta huɗu ita ce raba harshen wuta da iskar ɗaki. Murhun ɗumama ɗaki da tukunyar ruwan zafi da firji duka daga waje suke jan iskar da suke ci da ita, kuma waje suke fitar da hayaƙinsu. Zafin kaɗai ke shiga wurin mutane. Waɗannan su ne kwatankwacin fitilar da aka rataye aka amince da ita. Murhun girki ne kawai ke cin iskar ɗaki, shi ya sa ake manna masa gargaɗi a rubuce cewa a buɗe taga in ana girki, kuma kada a ɗumama ɗaki da shi.

Ta biyar ita ce wari. Gas a asalinsa ba shi da wari. Warin nan kamar na ruɓaɓɓen ƙwai da kowa ya sani zuba masa ake yi da gangan, kuma jini ne ya sayo shi. Ran 18 ga Maris 1937, a garin New London na jihar Texas, gas marar wari ya taru ƙarƙashin wata makaranta ba wanda ya sani, tartsatsin wani inji ya tashe shi, yara da malamai kusan 300 suka mutu. Cikin shekarar nan majalisar jihar ta wajabta sa wa gas wari, sauran ƙasashe suka bi. Amma fa hanci ba abin dogara ba ne ga mai barci ko mai mura, kuma tsatsar cikin tukunya kan shanye warin.

Saboda haka aka zo da ta shida, watau masu gadi uku da ba sa barci. Na'urori ne ƙanana masu ƙara kamar jiniya, kowace an kafa ta inda abin da take tsaro ke bi. Mai sansano hayaƙi tana manne a rufi, domin hayaƙi sama yake tashi. Mai sansano gas tana dab da daɓe, domin gas ƙasa yake kwanciya. Ta ukun kuwa tana tsaron wata iskar guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, Turawa na ce mata kabon monoksaid. Tana fitowa duk inda wuta ke ci ba ta samun isasshiyar iska, ko gawayi ne, ko murhu, ko janareta. Jinin mutum ya fi kama ta bisa ga iskar numfashi fiye da ninki 200. Mai ido biyu yakan ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya da mutuwar jiki, ya zaci zazzaɓi ne. Mai barci kuwa ba ya jin kome, daga barcin sai lahira.

Ta bakwai ta lokacin da duk waɗancan suka kasa ce. Akwai 'yar tukunyar kashe gobara mai gari a ciki, an rataye ta dab da ƙofa, don wanda ya ɗauke ta ya kasance ƙofa na bayansa, in wuta ta fi ƙarfinsa ya fice. Garin cikinta bai wuce feshin sakan goma ko kusa da haka ba, watau don buɗe hanya aka yi ta da kashe wuta tun tana ƙarama. Akwai kuma tagar tsira mai jan hannu a wajen gado, wadda ke buɗewa gaba ɗaya mutum ya dira waje in wuta ta tare ƙofa. A zangunan Ingila ma akan bar tazarar mita 6 tsakanin gida da gida, don kada wutar wani ta kama maƙwabcinsa.

Mai karatu zai ga cewa hikimar waɗannan abubuwa guda ce: an san ɗan Adam mai mantuwa ne, sai aka gina tsaron a jikin kayan, ba a bar shi ga tunanin mutum kaɗai ba. To, amma ko wannan ya isa? Abin da ya faru cikin Satumba 2011 a garin Clarksville na jihar Tenesi shi ne amsa. Mutum biyar suka kwana cikin wani tafi-da-gidanka na haya a wurin wani taron tara kuɗin taimako. An kunna janareta a waje dab da gidan, an rurrufe tagogi. Washegari aka tarar da su duka biyar sun mutu. Na'urar da ke tsaron iskar guba tana nan a wurinta, amma babu batir a ciki. Cikin 2012 jihar ta yi doka ta wajabta wa masu ba da hayar irin waɗannan gidaje su tabbata na'urar na aiki.

Irin wannan gafala tana da ƙofofi da yawa. Na'urorin sansano gas da guba suna da ajali, shekara 5 zuwa 7, ta hayaƙi kuwa shekara 10, bayan nan sai su zama ado a bango. Mai sansano gas takan yi ƙara saboda turaren fesawa ko maganin goge-goge, sai mai gida ya gaji ya cire mata waya. Tiyon roba yana bushewa ya tsattsage. Zanzaro da gizo-gizo kan yi gida cikin bututun murhu lokacin da aka ajiye gidan, sai harshen wuta da ya kamata ya zama shuɗi ya koma rawaya mai baƙin hayaƙi, alamar guba na fita. Tagar tsira da aka shekara ba a buɗe ba takan manne, ko a tara kaya a gabanta. Haɗarin kuwa ya fi kusa da matalauci, wanda ya sayi tsohon gida ya zauna ciki dole. In sanyi ya matsa, gas ya yi tsada, shi ne zai toshe kafofin iska, ya kunna murhun girki ko ya shigo da gawayi, yana neman ɗumi ga 'ya'yansa.

Malaman fiƙihu na mazhabar Malik sun yi hukunci cewa wanda ya hura wuta ranar iska mai ƙarfi, ta tashi ta cinye dukiyar wani, to, lamuni na kansa, saɓanin wanda ya hura ta inda aka saba kuma ya yi hattara. Watau sakaci shi ke jawo lamuni. Bisa wannan ma'auni alhakin ya rabu: maƙeri yana da nasa kason, haka mai cika tukunya, haka mai ba da haya wanda ya karɓi kuɗin mutane ya miƙa musu gida da matacciyar na'ura, haka mai gida, haka hukumar da ta yi doka ba ta bi sawunta ba. In wani ya ce ajali ba ya wuce lokacinsa, gaskiya ya faɗa. Amma balaraben ƙauyen da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, umurtarsa aka yi ya ɗaure ta sa'an nan ya dogara. Tsare rai kuwa yana cikin larurori biyar da shari'a ta zo don kiyaye su.

Musulmi ba sai sun je Amurka neman hujja ba, domin akwai garin matafiya da suka fi kowa sani, watau Mina, inda alhazan ƙasar Hausa ke kwana kowace shekara tare da 'yan'uwansu na duniya. Cikin Disamba 1975 tukunyar gas ta fashe a can, gobara ta kashe alhazai wajen 200. Ran 15 ga Afrilu 1997, daidai da 8 ga Zulhajji 1417, wuta ta sake tashi, aka danganta ta ga tukunyar gas ta masu girki, iska ta kora ta cikin tantunan yadi da ke manne da juna. Tantuna wajen 70,000 suka ƙone, alhazai fiye da 340 suka rasu, wajen 1,500 suka ji rauni. Tsakanin gobarar farko da ta biyu an yi ta wa alhazai gargaɗi, gargaɗin bai hana ba. Bayan ta biyun sai hukumar Saudiyya ta sake tantunan da kansu, ta kafa na zaren gilashi mai rufin da wuta ba ta kama shi da sauƙi, da hanyoyi a tsakani, da bututun ruwan kashe gobara, ta kuma hana shiga da tukwanen gas wuraren ibada a kwanakin Hajji, tana sa masu bincike. Tun daga nan ba a sake ganin gobara mai kama da waccan a Mina ba. Gyaran kaya da bin sawu suka haɗu, aka sami aminci.

Gas ɗin da ke cikin tafi-da-gidanka da wanda ke ɗakin amarya a Kano ko Maraɗi halinsu ɗaya, haka gubar janaretan Clarksville da ta kaskon gawayin da ake shiga da shi ɗaki lokacin hunturu. Saboda haka wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta sai ya shafa wa nasa ruwa. Tukunya a ajiye ta a tsaye inda iska ke ratsawa, nesa da wurin kwana, a rufe ta daga kanta kafin barci. Mahaɗan tiyo a gwada su da ruwan sabulu, inda kumfa ya taso nan ne kafa. Ba a gwadawa da ashana. In an ji wari, kada a taɓa makunnin lantarki, a rufe tukunya, a buɗe ƙofa da tagogi, a fita. Janareta a kai shi fili nesa da taga. Kaskon gawayi a fitar da shi kafin a rufe ƙofa, musamman a zaurukan da almajirai ke kwana da yawa. Ɗakin da aka yi wa tagogi da ƙarfe don maganin ɓarayi, aka bar shi da ƙofa guda, mai gida ya tambayi kansa ta ina yara za su fita in wuta ta tare ƙofar.

Masu tafi-da-gidanka da suka san abin da suke yi, kafin su ɗaura gidan a mota sukan danna kowace na'ura su ji ƙararta, su dubi shekarar da aka buga a bayanta, su buɗe tagar tsira su nuna wa yara, su rufe tukwane kafin su shiga gidan mai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya yi haka ya cika sharaɗin da malamai suka gindaya, sai ya kwanta ya dogara ga Allah. Wanda kuwa ya cire batir ya kwana da wuta, to, umurnin kashe ta yana nan a kansa.

Allah Ya jiƙan Musulmin da suka rasu a Mina da sauran wurare, Ya tsare jama'a daga gobarar duniya da wutar lahira, Ya sa a yi tafiya lafiya a sauka lafiya. Amin.